Aikatau ɗin Italiyanci da tsanin da muka bari a gida

*Rabin abin da ke razana mai koyon Italiyanci yana bakin Bahaushe tun yana ƙarami. Bi da shi ta Ingilishi ne ke ɓoye masa hakan.*

Duk wanda ya buɗe littafin koyon Italiyanci, shafin da ke fara karya masa gwiwa shi ne na jadawalin aikatau. Kalma guda, kamar *parlare*, wato yin magana, sai ta bazu ta cika shafi biyu. Nahawun Italiyanci ya kasa aikatau zuwa yanayi bakwai da lokuta 21, kuma idan aka ƙirga kowace siga da ke cikin jadawalin, za a tashi da fiye da casa'in. Wannan na aikatau mai bin ƙa'ida ke nan. Masu taurin kai irin su *essere*, *andare* da *fare*, waɗanda kuma su aka fi amfani da su, kowanne da tasa hanyar.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan mutumin Gyallesu ko Tudun Wada da wahalar Italiyawa? Ruwansa ya fi yadda ake zato. Italiya tana cikin manyan masu sayen fatun da ake jemewa a masana'antun Sharaɗa da Challawa a Kano. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a shekarun 1970. 'Yan Najeriya da ke zaune a Italiya da izini sun haura dubu ɗari, ban da 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana da Hausa ce harshensu na hulɗa. A cikinsu akwai ɗaliban jami'a, akwai 'yan kasuwa, akwai kuma matasan da suka bi ta Agadas da Libiya suka tsallaka teku, suke tsinkar tumatir a gonakin Foggia. Dukkansu harshe yana jiransu a bakin ƙofa. Mai neman takardar zama ta dogon lokaci sai ya nuna ya kai matakin A2 a Italiyanci. Tun watan Disambar 2018, mai neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aure ko daɗewar zama sai ya kai B1. Jami'o'in da ke koyarwa da Italiyanci kuwa B2 suka saba nema daga baƙon ɗalibi.

Ra'ayina shi ne, hanyar da ake bi da Bahaushe wajen koyon wannan harshe doguwa ce ba gaira ba dalili. Littattafai da manhajojin waya da ke zuwa hannunsa, irin su Duolingo, an tsara su ne domin masu jin Ingilishi da sauran manyan harsuna, don haka sai ya fassara tunaninsa zuwa Ingilishi, sannan daga can ya nufi Italiyanci. Alhali a fagen aikatau, Hausa ta fi Ingilishi kusa da Italiyanci a wurare da dama. Abin da ya hana mu ganin haka shi ne ba a koya mana nahawun harshenmu yadda zai zama makami a hannunmu ba.

Garin da bai kamata ya ji tsoron jadawali ba

In akwai garin da tasarifi ba baƙo ba ne a cikinsa, to Zariya ce. A gefen Gyallesu ne makarantar da kowa ya sani da FCE take, wadda aka kafa a 1962 domin horar da malamai, kuma a cikinta ana karantar da Hausa, Larabci, Faransanci da Ingilishi. Harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan kusa. Kamfanin Gaskiya, inda aka yi shekaru ana buga *Gaskiya Ta Fi Kwabo* da littattafan da suka daidaita rubutun Hausa na boko, shi ma ba nisa. A cikin ganuwa kuma, zaurukan malamai sun daɗe da yin suna a fannin nahawu. Almajiri yakan fara da *Ajuruma*, ya wuce zuwa *Alfiyya* da *Lamiyyatul Af'al* na Ibn Malik. Malam Abdullahi na Gwandu da kansa ya wallafa *Hisnur Rasin* a kan tasarifin Larabci tun ƙarni na 19.

Yaron Islamiyya ɗan shekara goma yana rera *fa'ala, fa'ala, fa'alu* har siga goma sha huɗu ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Idan ya shiga makarantar boko, sai a ɗora masa lokutan Ingilishi ya haddace su domin jarrabawa. Amma a tambayi wannan yaron bayan ya zama lauya ko likita, mene ne bambancin "sun zo" da "suka zo"? Zai yi amfani da kowanne a muhallinsa ba kuskure, sai dai da wuya ya iya faɗin ƙa'idar. Ya san sunayen sassan harsuna biyu na aro, nasa kuwa yana tuƙa shi ne kawai, bai taɓa buɗe bonet ɗin ba.

Jadawalin da muke ɗauke da shi a ka

Bari mu buɗe shi. Littattafan nahawun Hausa na makaranta, tun daga aikin Farfesa M.K.M. Galadanci na 1976, sun saba lissafa lokuta takwas. Akwai shuɗaɗɗe na ɗaya (sun zo) da na biyu (suka zo), mai ci na ɗaya (suna zuwa) da na biyu (suke zuwa), mai zuwa na ɗaya (za su zo) da na biyu (sa zo), sai sabau (sukan zo) da umartau (su zo). Kowane lokaci yana da gurbi tara: ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su, da kuma "an" ɗin da ba ya nuna kowa. Takwas sau tara, 72 ke nan. Ba a kuma shigo da korewa ba, wadda ke sauya siffa daga lokaci zuwa lokaci: ba su zo ba, ba sa zuwa, kada su zo. Ɗan Italiya *non* kawai yake sawa a gaban aikatau ya wuce.

A kan wannan kuma sai a ɗora azuzuwan aikatau, waɗanda masanin nan na Landan, F.W. Parsons, ya tsara su bakwai a 1960. Daga saiwa ɗaya muke fitar da saya, sayo, saye, sayar da sayu, kowanne da ma'anarsa. Wannan Italiyanci ba shi da irinsa, kuma shi ne ke jiƙa wa baƙi masu koyon Hausa gumi.

Bambancin da ke tsakanin jadawalin biyu na wuri ne. Bahaushe yana sa alamar mai aiki da ta lokaci a gaban aikatau, ɗan Italiya yana liƙa ta a wutsiya. *Parlo, parli, parla, parliamo, parlate, parlano* su ne ina magana, kana magana, yana magana, muna, kuna, suna. A harsunan biyu, da zarar an ji wannan alama, an san wanda ake nufi, don haka ba a bukatar ƙara "ni" ko *io* sai in ana son jaddadawa. Aikatau na Ingilishi mai bin ƙa'ida kuwa siga huɗu kacal gare shi. Wanda ya fito daga can dole ya firgita da casa'in. Wanda ya fito daga 72 bai da dalili.

Casa'in ɗin ma akwai kumfa a ciki. Lokutan da ke nuna mai aiki su 15 ne, kuma bakwai daga ciki haɗi ne kawai: a ɗauko *avere* ko *essere*, a jona masa siga guda da ba ta da wuyar riƙewa. Waɗanda ake haddace ƙarshensu da gaske takwas ne. Aikatau kuma gida uku ne, masu ƙarewa da *-are*, da *-ere*, da *-ire*, kuma mafi yawansu 'yan gidan farko ne.

Inda hanyoyin suka haɗu

Mu fara da dodon. *Congiuntivo* shi ne yanayin da masu koyo suka fi tsoro, har su kansu Italiyawa sukan yi wa 'yan siyasarsu dariya idan suka yi tuntuɓe a kansa. A Ingilishi irin wannan yanayi ya kusa ɓacewa, shi ya sa littattafai ke ɓata shafuka suna bayanin mene ne shi. Bahaushe kuwa umartau ɗinsa ne. *Voglio che tu venga* shi ne "ina son ka zo". *Bisogna che partano*, "dole su tafi". *È meglio che tu resti*, "gara ka zauna". *Affinché capiscano*, "domin su gane". *Prima che arrivi*, "kafin ya iso". *Che Dio ti aiuti*, "Allah ya taimake ka". A duk waɗannan wurare shida, wato so, tilas, zaɓi, manufa, abin da bai riga ya auku ba, da addu'a, harsunan biyu suna sauya siga a daidai wuri ɗaya. Wanda ya yi karatun zaure zai ƙara gane shi ta wata fuskar, domin shi ne aikatau mai nasabu bayan *an* a cikin *uridu an tazhaba*. Amma wanda aka bi da shi ta Ingilishi, inda ake cewa *I want you to come*, sai ya ƙago *voglio tu venire*, jimlar da ba ɗan Italiyan da zai furta.

Har wajen ladabi ma sawu ɗaya suke takawa. Ba ɗan Zazzau mai tarbiyya da zai ce wa mahaifinsa "zauna". Cewa zai yi "Baba, a zauna", ya kauce wa umarni kai tsaye, ya koma ga umartau da "a" ɗin girmamawa. Ɗan Italiya ma idan zai yi wa babba ko baƙo magana, yakan bar *vieni* ya ce *venga*, ya bar *scusa* ya ce *scusi*, kuma waɗannan sigogin *congiuntivo* ne. A kudancin ƙasar, wajen Napoli, har yau ana girmama dattijo da *voi*, wato "ku", daidai da yadda muke yi.

Na biyu shi ne rabuwar shuɗaɗɗen lokaci gida biyu. Italiyanci yana bambanta aikin da ya kammala da wanda ake cikin yinsa ko aka saba yi. *Mentre mangiavo, è arrivato mio fratello*: "ina cin abinci sai ɗan'uwana ya iso". *Da bambino andavo al mercato ogni venerdì*: "lokacin ina yaro nakan je kasuwa kowace Juma'a". Ingilishi yakan cusa *andavo* da *sono andato* cikin kalma ɗaya, *went*, shi ya sa masu jin sa ke shekara suna ruɗewa. Ga Bahaushe ƙa'idar gajeriya ce. In a labarin abin da ya wuce za ka ce "ina" ko "nakan", to *imperfetto* ne. In za ka ce "na", to *passato prossimo* ne. Tsarin Hausa tun asali a kan wannan tambaya aka gina shi: aikin ya ƙare ko yana gudana?

Akwai kuma *passato remoto*, lokacin da littattafan labari da na tarihi ke tafiya a kansa, wanda mutanen Milan ba safai suke faɗinsa ba amma yake da rai a bakin mutanen Sisiliya. Aikinsa a labari yana kama da na "suka" ɗinmu: sai suka tashi, suka kama hanya, suka isa. Kamar ba cikakkiya ba ce, domin namu yana shiga tambaya da jaddadawa, kamar "su wa suka zo?". Duk da haka, mutumin da ya tashi da tatsuniya ba sai an rantse masa cewa labari yana da nasa lokacin ba.

Na uku shi ne "an". *Si dice* shi ne "an ce". *Qui non si fuma*, "ba a shan taba a nan". *Come si fa?*, "yaya ake yi?". Ingilishi ba shi da wakilin suna guda na yau da kullum da ke wannan aiki, don haka yakan kewaya. Mu kuwa kalma da kalma ce.

Na huɗu shi ne sharaɗi. Hausa ta raba "idan" da "da". "Idan an yi ruwa zan zauna a gida" abu ne mai yiwuwa, kuma Italiyanci yana faɗinsa da lokaci na yau da kullum: *se piove, resto a casa*. "Da na yi karatu, da na ci jarrabawar" kuwa ya riga ya kuɓuce, kuma a nan ne ɗan Italiya ke haɗa *congiuntivo* da *condizionale*: *se avessi studiato, avrei superato l'esame*. Sigogin sababbi ne, sai an haddace su. Amma sanin lokacin da za a ɗauko su, wanda shi ne mai wuyar, yana nan a cikin "da" biyun nan.

Wannan *condizionale* yana da wani aiki da ya shafi sana'armu ta jarida. Idan jaridar Italiya ta rubuta *il sospetto avrebbe confessato*, wanda ya bi ta Ingilishi zai karanta shi a matsayin "da wanda ake zargin ya amsa laifinsa", wato bai amsa ba. Mai gaggawa kuma zai ɗauka ya amsa ɗin. Dukansu sun kauce. Abin da jimlar ke cewa shi ne "wai wanda ake zargin ya amsa laifinsa". Marubucin yana isar da labari ne yana tsame hannunsa. Abin da muke yi da "wai", su da aikatau suke yi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda "wai" guda ke raba ɗan jarida da kotu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na ƙarshe shi ne kunne. A rubutun Hausa, "ya zo" abu uku ne. Da dogon wasali, labari ne cewa ya iso. Da gajeren wasali da karin sama, shi ne na "wa ya zo?". Da gajeren wasali da karin ƙasa, shi ne na "ina son ya zo". Mun saba rarrabe lokuta da tsawon wasali da hawa da saukar murya. Mun kuma saba da nannagen baƙi, wanda ya raba "baba" da "babba". A Italiyanci, *parlo* "ina magana" ne, *parlò* kuwa "ya yi magana", wurin nauyin murya kawai ya raba su. Ɗan kasuwar fata da ke waya da abokin cinikinsa kuma ya kamata ya kasa kunne sosai. *Pagheremo* alkawari ne, "za mu biya". *Pagheremmo* kuwa "da mun biya" ne, akwai sharaɗi a ƙarƙashinsa. Harafin *m* guda ne tsakanin kuɗi a hannu da dogon jira, kuma kunnen Bahaushe yana jin sa ba tare da horo ba.

Inda suka rabu

Kwatance yana da iyaka, kuma malamin da bai nuna ta ba ya cuci ɗalibinsa. Umartau ɗin Hausa ya ɗauki rabin aikin *congiuntivo* ne, ɓangaren so da manufa. Ɗaya rabin, na zato da shakka, baƙo ne a wurinmu. Muna cewa "ina jin yana gida" ba tare da sauya siga ba, ɗan Italiya kuwa sai ya ce *penso che sia a casa*. Haka kuma "ina son in zo" daidai ne a Hausa, amma a Italiyanci idan mai so shi ne mai zuwa, sai a ce *voglio venire*, wanda ya fi kama da "ina son zuwa".

Zaɓi tsakanin *avere* da *essere* wajen gina shuɗaɗɗen lokaci ma ba mu da shi. *Ho mangiato* amma *sono andato*, kuma mace za ta ce *sono andata*, alhali "na tafi" ɗinmu bai san namiji ko mace ba. Ko a nan akwai ɗan abin kamawa, domin dafaffe, dafaffiya, dafaffu su ne *cotto, cotta, cotti*. Sai kuma babban bambancin: "ina karatu" a Hausa bai faɗi yaushe ba, jiya ne ko yanzu ko gobe, sai abin da ke kewaye da shi ya nuna. Italiyanci yana tilasta maka ka zaɓa, kuma ya bukaci aikatau na jimlar da ke biye ya dace da na farko. Wannan sai an zauna an koya. Amfanin sanin inda aka haɗu shi ne a tattara ƙarfi a kan inda aka rabu.

Abin da masu ja za su ce

Wasu za su ce harshe a kasuwa ake koyonsa, kuma ga mutanenmu can suna hulɗa da Italiyawa ba su taɓa ganin jadawali ba. Gaskiya ne, jadawali bai taɓa sa kowa ya iya hira ba. Sai dai akwai irin Italiyancin da ake faɗin kowane aikatau a sigarsa ta ƙamus, *io andare, tu venire*, wanda fina-finansu suka daɗe suna sawa a bakin baƙo idan za a yi masa ba'a. Mu ma mun san irinsa, Hausar bariki, wadda ke ce wa mace "ya zo". Ana gane mai yin ta, ana kuma sayar masa da tumatir, amma ba a ba shi kujerar shawara. Da irin wannan harshe ba a karanta yarjejeniyar aiki, ba a yi wa likita bayanin ciwon da yake zuwa yana tafiya, ba a kuma bambanta wa jami'in shige da fice abin da aka gani da ido da abin da aka ji a bakin mutane. Matakin B1 da doka ta gindaya yana nufin mutum ya iya ba da labarin abin da ya same shi, ya faɗi burinsa, ya kawo dalilin ra'ayinsa. Wannan kuwa aikin lokuta da yanayi ne.

Wasu kuma za su ce Ingilishi ne ke da kayan aiki, kuma duk wanda zai je jami'a a Italiya ya riga ya iya shi. Ban ce a jefar da shi ba. A yi amfani da littafin da aka samu. Abin da nake cewa shi ne, idan littafin ya tsaya yana bayanin abin da ke ba mai jin Ingilishi wuya, ɗalibinmu ya tambayi kansa yadda ake faɗin jimlar da Hausa. Sau da yawa zai tarar amsar tana nan. Ban da haka, da yawa daga waɗanda suka fi bukatar harshen, musamman 'yan Nijar da waɗanda ba su yi nisa a boko ba, Ingilishinsu bai kai ya ɗauki wannan kaya ba. Su an bar su ba tsani ko ɗaya.

Akwai kuma masu cewa Italiyanci ƙaramin harshe ne idan aka kwatanta da Faransanci ko Larabci. Na yarda. Amma mafi yawan abin da na kawo a sama ya hau kan Faransanci, Sifaniyanci da harshen Fotugal, domin uwarsu ɗaya, Latin. Ɗalibin sashen Faransanci a FCE da ke fama da *subjonctif* yana fama ne da ɗan'uwan *congiuntivo*, kuma umartau ɗin da ke bakinsa shi ne mabuɗin duka biyun.

Darasin Italiya, da aikin da ke gabanmu

Italiyawa ma sun taɓa raina harshensu. Ƙarnuka da dama Latin ne harshen ilimi, abin da ake faɗa a gida kuwa ana ganin ba shi da ƙa'ida. Dante ya rubuta littafi yana kare harshen gida, amma da Latin ya rubuta shi domin malamai su saurara. Wajen 1440, Leon Battista Alberti ya tsara ɗan ƙaramin nahawu na harshen mutanen Toskana domin ya nuna cewa shi ma yana da dokoki kamar Latin. Lokacin da ƙasar ta haɗe a 1861, masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa kashi biyu da rabi cikin ɗari ne kawai ke iya magana da daidaitaccen Italiyanci, wasu masana kuma suka kai adadin kusan kashi goma. Makaranta, rediyo da talabijin ne suka yaɗa shi, ciki har da shirin yaƙi da jahilci na malam Alberto Manzi da gidan RAI ya watsa daga 1960 zuwa 1968. Jadawalin nan mai ban tsoro sakamakon aikin mutanen da suka zauna ne suka ɗauki harshen uwarsu da muhimmanci.

Yau kuma a Napoli, garin da matasanmu suka sani saboda Victor Osimhen, akwai jami'ar L'Orientale da aka kafa tun 1732, inda ake koyar da Hausa. Farfesa Sergio Baldi na wannan jami'a ya wallafa ƙamus na Hausa da Italiyanci a kamfanin Hoepli na Milan a 2015. Ɗalibin Italiya yana shigowa Hausa kai tsaye daga harshensa. Namu ɗalibin ne ke kewayawa ta Landan kafin ya isa Rum.

A watan Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Wannan muhawara ce ta daban, kuma za a daɗe ana yin ta. Amma Hausa a matsayin darasi tana nan a jadawalin makaranta, kuma abin da ake yi da wannan sa'a yana hannunmu. Idan aka ƙare ta a kan haddar karin magana da sunayen marubuta, yaro zai ci jarrabawa ya fita hannu rabbana. Idan aka nuna masa lokuta takwas ɗin nan, aka sa masa alamar karin sauti da tsawon wasali a allo har ya ga bambancin "ya zo" ukun da idonsa, to an ba shi abin da zai buɗe duk harshen da ya tunkara.

Abu biyu nake ganin za a iya yi ba tare da jiran Abuja ba. Sassan harsuna na FCE da na Jami'ar Ahmadu Bello suna da malaman Hausa da na Faransanci da na Larabci a kusa da juna. Kwas guda na kwatanta aikatau, wanda malaman za su koyar tare, zai sauya yadda ɗaruruwan malaman gobe ke shiga aji. Na biyu, ɗan littafi mai shafi sittin ko saba'in, da Hausa, a kan aikatau na Italiyanci, wanda za a iya turawa ta WhatsApp har zuwa Foggia da Castel Volturno, haɗe da muryar da ke karanta misalan. Masanan da za su duba ɓangaren Italiyancin suna Napoli, kuma sun iya Hausa. Na ɓangaren Hausar kuwa suna nan tsakanin Gyallesu da Samaru.

Kafin a yi wannan, mai koyo zai iya fara nasa. Ya raba shafi gida biyu. A hagu ya rubuta jimlar Italiyanci, a dama ya rubuta yadda zai faɗe ta ga mahaifiyarsa. Inda sigogin suka sauya tare, ya wuce da sauri. Inda suka saɓa, nan ne zai tsaya ya yi hadda.